Littattafan Zombi da Maƙwabciyata 'Yar Maraɗi

A farkon shekarun tamanin aka tura maigidana aiki Alƙahira. Ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, don haka ba mu sami gida a unguwar manya ba. A Hadayek el-Maadi muka kama haya, a saman wani tsohon bene kusa da layin jirgin ƙasan Helwan. Kafin mu taho ina koyarwa a wata firamare a Zariya. A nan kuwa ba aji, ba dangi, haihuwa ma ba ta zo ba tukuna. In ya fita da safe sai ni da ƙarar jirgi da masu tallar gas, waɗanda ke buga ƙarfe a jikin tukunya don a san sun iso.

Karatu ne ya riƙe ni. Nakan hau jirgi zuwa cikin gari, in taka har Azbakiya inda masu tsofaffin littattafai ke jera kayansu a jikin katanga. Akwai wani dattijo mai gilashi mai kauri da ke tara littattafan Turanci waɗanda baƙi suka bari a otal. A wurinsa na fara cin karo da labaran zombi, kuma ban daɗe ba na gane iri biyu ne. Akwai na zamani, waɗanda aka fara yayinsu a kaset ɗin bidiyo, gawarwaki ruɓaɓɓu masu bin mutane suna cizo. Waɗannan ƙazanta ce kawai. Na asalin kuwa, a tsibiran da aka kai bayi noman rake ake ba da su. Boka ne zai sa mutum ya mutu, a binne shi, sannan ya je ya tono shi, ya raba shi da kurwarsa, ya sa shi aikin gona. Ba ya cizon kowa. Yana tafiya, yana cin abin da aka ba shi, idonsa a buɗe, amma ko uwarsa ce ta tsaya a gabansa ba zai san ta ba.

Matan abokan aikin maigidana sun san ni da wannan, har sukan zo aro. In mace ta ce tana son mai ban tsoro, sai in tambaye ta, so take ta kasa cin abinci ko ta kasa zama ita kaɗai a ɗaki? In na biyun ne, nakan fara ba ta labarin wani saurayi akawu da aka ɗauka aiki a gonar rake, ya lura leburorin wani sashe ba sa gaisuwa, ba sa waƙa, ba sa korar ƙuda daga fuskarsu. In ta dawo da shi tana son ƙari, sai in ba ta na wata mata da ta ga ƙanwarta a kasuwa ɗauke da kwando, bayan da hannunta ta yi mata sutura. Nakan ce musu su guji duk wanda aka zana jini a bangonsa. Masu kyau ba sa gaggawa, kuma ba mataccen ne ke ba da tsoro ba, mai gonar ne.

Ƙofa da ƙofa muke da wani Alhaji ɗan Maraɗi da matarsa. Shi fatake ne, yana sayen littattafan addini da jallabiyoyi yana aikawa Nijar. Mutum ne mai yawan magana, tun daga ƙasan bene kake jin muryarsa yana tsokanar bawwab, wato mai gadin gidan, da Larabcinsa mai haɗe da Faransanci. Matar tasa, Hajiya, ta girme ni sosai. 'Ya'yansu suna gida wurin dangi, ita kaɗai ta biyo shi. Malama take ce mini, ni kuma in ce mata Yaya. Ita ta nuna mini inda ake samun kuɓewa busasshiya, ita ta koya mini cewa in Bamisire ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, to magana ta ƙare.

Wata rana da hantsi Alhaji ya faɗi a matakala. Bawwab da maƙwabta suka kai shi asibiti. Likitoci suka ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Da aka sallamo shi bayan makonni, hannun dama ya mutu, ƙafar tana ja, magana kuwa ta tafi gaba ɗaya sai kalma guda. Duk abin da aka ce masa, tamam zai ce, wato daidai. A tambaye shi ciwo, tamam. A ce ga ɗanka ya aiko da gaisuwa, tamam. In an miƙar da shi ya miƙe, in an zaunar da shi a gaban taga nan zai wuni. Likita ya hana shi gishiri, ya ba da ƙwayoyi, ya ce sauran sai haƙuri.

Na koma wuni a wurinsu. Ba wani abin kirki nake yi ba. Ina riƙe kwano in tana ba shi kunu, ina taya ta juya shi, in ta shiga wanka in zauna kusa da shi. Da yake zaman shiru ne, nakan tafi da littafi.

Ran nan ta fito tana ɗaura ɗankwali, ta ce, "Malama, wai me ke cikin takardar nan da ba ki ɗaga kai?"

Na ce tatsuniyar Turawa ce, ba ta da daɗin ji. Ta ce ita ma ba daɗi take nema ba. Sai na ba ta labarin akawun nan a taƙaice, ina magana ƙasa-ƙasa. Ban kai rabi ba na ga ta juya tana kallon mijinta. Ƙuda ya sauka a gefen bakinsa, bai kore shi ba. Na tsayar da labarin.

Ta ce, "Ci gaba."

Daga ranar kullum bayan azahar sai ta ce in ɗauko. Ina karanta Turancin a zuci, ina mayar mata da Hausa. Ba ta tsorata ko sau ɗaya ba. Tambayoyi take yi. Shin suna jin yunwa? In an kira sunansu suna juyowa? Suna barci? Wanda ya yi musu abin, a nesa yake ko a cikin abokan cinikinsu? Wannan ta ƙarshen ce ta tayar mini da hankali, don na san akwai wani abokin fataucin Alhaji a unguwar Abbasiya da suka sami saɓani kafin ya faɗi.

Na ce, "Yaya, wannan fa ƙirƙira ce. Wani ne ya zauna ya rubuta. Ciwon Alhaji jijiya ce ta toshe, likita ya faɗa miki."

Ta ce, "Ya faɗa. Ya faɗa da Larabci, ya maimaita da Faransanci, na ce to. Amma bai gaya mini inda mijina ya tafi ba. Wannan mai takardar ya san irin kallon da yake yi mini."

Maigidana bai ji daɗin abin ba da na gaya masa. Ya ce matar da ke cikin wannan hali addu'a take bukata, ba labarin bokaye ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai addu'ar ba a fasa ba. Ɗaliban Nijar kan zo daga Abbasiya ranar Juma'a su yi karatu a kansa, su tofa, su tafi. Hajiya ba ta taɓa barin salla ta wuce ba. Na gwada zuwa hannu rabbana babu littafi. Muka wuni muna kallon bango, jirgi na wucewa yana girgiza tagar. Kashegari na koma da shi.

A littafin matar da ta ga ƙanwarta a kasuwa ne maganar gishiri ta fito. A al'adar mutanen can, ba a ba wa zombi abinci mai gishiri. In ya ɗanɗana, zai tuna sunansa, ya tuna ya mutu, ya juya ya nufi kabarinsa, ba mai iya tare shi. Na so in tsallake wurin, amma labarin ba ya tafiya sai da shi. Na faɗa mata duka, har ƙarshen, yadda ƙanwar ta kira yayarta da suna sau ɗaya sannan ta wuce ta ba waiwaye.

 Hajiya ta tashi ta shiga kicin, ta dawo da ɗan gishiri a tafin hannu.

Na ce, "Yaya, likita ya hana."

Ta ce, "Ɗan wannan ba ya kisa."

Na ce, "Kin dai ji abin da ya biyo baya a labarin."

Ta ce, "Na ji. Ko tafiya zai yi, ya fara sanina tukuna."

Ban riƙe hannunta ba. Ban san da wace hujja zan riƙe ba, tunda ni da bakina na ce ƙirƙira ce. Ta durƙusa a gabansa, ta yi bisimilla, ta dangwala da yatsa ta sa masa a harshe. Ya motsa baki. Fuskarsa ta ɗan yamutse ta ɓangaren da ke aiki. Muka jira. Ta kira shi da sunan da ban taɓa jin ta kira shi da shi ba, sunansa na yanka, wanda mata irinta ba sa faɗa. Ya dube ta kamar yadda yake duban labule, ya ce tamam. Yawu ya gangaro, ta share da bakin zaninta, ta je ta wanke hannu, ta ɗora ruwan shayi.

Muna shan shayin ta ce, "A cikin takardun naki, babu wanda mutumin ya dawo gida ya zauna?"

Na tuna duk waɗanda na karanta. Babu. Na ce zan nemo.

Na koma Azbakiya na yi wa dattijon bayani da guntun Larabcina. Ya gyara gilashi, ya tona tarin da ke ƙarƙashin teburinsa, ya aika maƙwabcinsa ya dubo nasa. Muka fito da wasu da ban taɓa gani ba. Ina tsaye a rana ina buɗe shafukan ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. A wani an ƙone gonar da leburorin a ciki. A wani, bokan ya mutu, su kuma suka ci gaba da sara rake don ba wanda ya ce su daina. A wani kuma, iyalin sun karɓo ɗansu, suka ajiye shi a ɗakin baya har ya tsufa.

Dattijon ya ce, "Ya madam, masu sayen waɗannan ba dawowa suke nema ba. In kina son wanda ake dawowa, ga na soyayya can."

Na ce ba ni ce ke so ba, wata ce mijinta ba shi da lafiya. Ya cire gilashin ya goge, ya ce ma'alish, Allah ya ba shi lafiya.

Na taho da na ƙarshen nan, na ɗakin baya, don shi ne mafi sauƙi a cikinsu. A jirgi ina ta tunanin yadda zan sauya ƙarshen, in ce yaron ya farka wata safiya ya nemi ruwa. Hajiya ba ta karatun boko, ba yadda za ta gane. Amma da na zauna na buɗe, kafin in fara ta ce, "Malama, kar ki gyara mini komai. Yadda yake a nan, haka za ki faɗa." Haka kuwa na faɗa. Mun ɗauki kwanaki a kansa. Inda uwar yaron ke yanke masa farce tana ba shi labarin unguwa, Hajiya ta sa na maimaita mata. Da muka gama ta ce wannan ya fi sauran, don aƙalla ba a hannun baƙo ya ƙare ba. Ba ta sake neman wani ba.

Bayan sallar layya ƙanin Alhaji ya zo daga Maraɗi. Ya sayar da ragowar kayan da ke sito, ya ce dangi sun yanke shawara a mayar da shi gida. Hajiya ba ta so ba, tana ganin likitocin Masar sun fi, amma ba a tambaye ta ba. Ni ma da na sa baki, ƙanin ya saurare ni da ladabi, ya ce khalas, wato shi ke nan, an riga an yanki tikiti.

Da safe aka sauko da shi a kan kujerar katako, bawwab a gaba, maigidana da ƙanin a baya, suna hutawa a kowane hawa. An sa masa farar jallabiya da hula. Bawwab, wanda suka shekara suna tsokanar juna, ya sumbaci kansa a bakin tasi, ya juya ya shige ɗakinsa. Hajiya ta ba ni tukunyarta ta tuwo da muciya, ta ce ba za su shiga akwati ba. Na riƙe su, na ce Allah ya sauke ku lafiya. Ta ce amin, ta ce in gaida mutanen Zariya in na koma.

Ba mu sake haɗuwa ba. Nakan tambayi ɗaliban Nijar in na gamu da su, wani ya ce ya ji Alhaji na nan da rai, wani ya ce bai san gidan ba. Wasu 'yan Sudan suka kama ɗakin, suka sake fenti. Mu ma bayan shekara biyu aka mayar da mu Legas, kuma can ban sami wanda ya san Maraɗi ba.