Ranar da Kwamfuta Ta Ɓatar da Iya

Matso kusa, jawo tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin ranar da kwamfutar ɗiyata ta ƙi tashi.

Ɗiyar tawa ma'aikaciyar jinya ce. Kafin Iya, mahaifiyata, ta rasu, yarinyar ta riƙa ɗaukar muryarta a waya tana zubawa a kwamfuta. Hira ce kawai da Barbarci, rabinta ma faɗa ne. Wayar ta lalace tuntuni, saboda haka muryar Iya ba ta ko'ina a duniya sai cikin baƙin akwatin nan.

Wata Juma'a da hantsi ta dawo daga aiki a Shetimari da kwamfutar a jakarta, na ce ta kunna mini Iya. Ta danna. Allon ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan farin rubutu a sama.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Inna, wai ba ta ga abin da take tashi da shi ba."

Malam, maigidana, manomin tattasai ne, komai a wurinsa injin ban ruwa ne. Ya ce, "Iska ta sha, ba ni nan." Ya zare batir, ya hura, ya mayar. Shiru. Ya ɗaga hannu zai bubbuga mata gefe.

Na ce, "Malam, don Allah kar ka dakar mini uwa!"

Ya ce, "Ni da tana raye ma ban isa ba."

Yarinyar ta sake kunnawa tana danna wani maɓalli da sauri, allo ya koma shuɗi. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce a hankali, "Ba ta ma ganin rumbun da take ajiya." A cikin rumbun nan kuwa muryar Iya take.

Ni da ba na son fita, na yafa mayafi na bi yarinyar zuwa wurin mai gyara a bakin kasuwa. Ya kwance bayan kwamfutar, ya nuna mini wani abu kamar tafin hannu. "Hajiya, ga rumbun. Gargadar hanya ce ta zame shi daga mazauninsa." Ya tura da babban yatsa, ya ɗaure, ya kunna. Can sai hotuna suka bayyana a allo.

Sai ga muryar Iya ta cika shago da Barbarci: "Wa ya bar tattasan nan a shanya bai juya ba? Hannuwanku na ado ne?"

Mai gyaran, Babarbare ne, ya gyara zama ya ce, "A yi haƙuri, Kaka." Na yi dariya har da hawaye.

Ya ce rumbun ya tsufa, kar mu sake amince masa. Ban tashi daga bencin nan ba sai da aka zuba Iya a wayata, da ta Malam, da wadda za a kai wa ƙanena a Tumur.

Kai fa, muryar wa kake da ita, kuma a ina ka ajiye ta?