Keken da Na Tuƙa a Tsakar Gida

Wata huɗu na yi ina tuƙa keke a tsakar gidanmu a Bagudo, ban je ko'ina ba. Keken irin na mata ne ɗan Kwatano, mai kwando a gaba da jak mai ƙafa biyu a baya, wanda in an kafe shi tayar baya takan ɗaga daga ƙasa. Na cusa tayar gaba tsakanin bulo biyu, na zuba yashi don kada ta motsa, na fuskanci katanga. Kullum bayan la'asar sai in hau in yi ta murza feda har a kira magariba. Takaba nake yi.

Mijina ya rasu a ƙarshen damina, zazzaɓin kwana uku. Manomin shinkafa ne, mutum marar yawan magana. Shekara goma sha ɗaya muna tare, Allah bai ba mu haihuwa ba. Mutane sun zo gaisuwa sun yi kuka, ni kuwa na shimfiɗa musu tabarma na kawo ruwa. Maƙwabta suka riƙa yabon tawakkalina, ni dai na san ba tawakkali ba ne. Ban ji komai ba ne kawai, ko a jikina, an tsikari kakkausa. In an ba ni abinci in ci, in an manta ni ma ban tuna ba.

Mijina ne ya sayo mini keken daga tsallaken iyaka shekara takwas kafin nan, lokacin da na samu aiki a wani ƙaramin asibiti ana tura mu ƙauyuka rigakafi. Ya ce can wajen Benin mata na hawa da goyo da buhun masara, ba wanda ya ce musu kanzil. Shi ya koya mini a bayan gari, yana riƙe da kariyar bayan keken yana gudu yana cewa in daina kallon ƙafata. An yi surutu a unguwa, aka gaji aka bari. Sannu a hankali muka yi yawa, ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da masu kai kaya kasuwa, har muka zama ƙungiya.

Shugabarmu wata tela ce da kowa ke kira Anti. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Bagudo aka yanke cibiyarta, kuma Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ta ƙulla babbar tafiyar. Matan Bagudo da na Kamba za su haɗu, a tashi ranar Asabar zuwa Illo, matan tsallaken iyaka su tarye mu a can, a kwana, a juyo Lahadi bayan masu coci sun fito. Da aka fara rubuta sunaye na yi ta nuƙu-nuƙu, ina cewa ƙafata ba za ta kai ba. Mijina ya je shagon Anti da kansa ya sa aka rubuta ni. Bayan sati uku aka kai shi makwancinsa.

Da na yi kwana arba'in na koma aiki, tunda malamin unguwa ya ce lalura ce. Da ƙafa nake zuwa, an ajiye ni a teburin awon ciki, in tashi in dawo gida kai tsaye. Yawon keke kuwa babu shi ga mai takaba. A teburin nan aikina ke nan lissafa wa mata ranar haihuwa, kuma ina ji da kaina a wannan fanni. Don haka ranar farko na ɗaga kalandar asibiti na ɗora yatsa a ranar da ya rasu, na ƙirga wata huɗu da kwana goma. Yatsana ya sauka a kan Litinin, kwana biyu bayan an tashi tafiya, kwana ɗaya bayan an dawo.

Na gaya wa Anti ran da ta zo duba ni. Ta ƙirga da kanta a wayarta, ta samu Litinin ita ma.

"Anti, ki kashe sunana," na ce.

"Birona ya ƙare, ƙanwata."

"Ga nawa."

"Naki na asibiti na, ba shi rubutu bisa takarda tawa." Ta ninke takardar ta cusa a jaka. "Mai gidanki yas sa anka rubuta ki. Ni ban iya kashe abin da mamaci yar rubuta."

Ba za a iya ɗaga ranar ba, an riga an aika wa na Kamba da na Benin. Na ce to, Allah bai yi ba. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce kwana biyun nan sun yi mini daɗi, iyakar daɗin da nake iya ji a lokacin. Ba sai na yanke shawara ba, ba sai na fita cikin mutane suna kallona suna sassauta murya ba. Kalanda ta yanke mini.

To me ya sa nake hawan keken a tsakar gida? Har yau ban da amsa mai kyau. Ƙafafuna ne ke ƙaiƙayi bayan la'asar, lokacin da na san sauran suna kan hanyar Lafagu suna gwaji. In na hau, sarƙa na ƙara, gumi na zuba, kaina ya yi fayau babu komai a ciki, kuma abin da nake so ke nan. Na haddace katangar nan kaf, da tsagar da ke gefen dama da ƙadangaren da ke fitowa daga cikinta.

Anti takan biyo da labari sau biyu a sati, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Wata malamar firamare hijabinta ya shiga sarƙa ta faɗa gonar shinkafa, ta fito da taɓo har kunne tana tambayar ina takalminta. Daga nan aka kafa doka: gajeren hijabi, wando a ƙarƙashin zane. An koyi tafiya biyu-biyu, an koyi cewa ƙararrawa ɗaya rami ne, biyu shanu, uku a tsaya. Wata Asabar ɗin an kira mai faci ya koya musu cire taya da buga iska, wasu suka fasa farce suna tsine wa Anti. Ta ba ni labarin tana dariya har da hawaye. Na ce mata Allah ya kyauta.

Duk wannan a gaban Inna ake yi, mahaifiyar mijina, wadda ta dawo ɗakin kusa da nawa tun ranar rasuwa don ta taya ni zama. Tana zaune gindin mangwaro tana tsintar shinkafa, ba ta taɓa cewa uffan game da keken ba, kuma na san tun asali ba ta sonsa. Mijina ɗan fari ne a wurinta, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce yaron ga. Ba mu cika magana ba. Na lura dai wasu ranaku da magariba takan fita ƙofar gida ta daɗe tana kallon yamma, ta dawo ta shiga ɗaki. Na ɗauka kewar ɗanta ce, na bar ta da abinta.

Ranar Lahadin da ta rage kwana shida a yi tafiya, na sauko daga keke ina goge wuya, sai ta ce ba tare da ta ɗago daga faifai ba:

"Ɗiyata, Laraba a jiƙa shinkahwa ta masa. Alhamis za ki wanka."

"Inna, ai sai Litinin ta sama."

"Wa yac ce miki?"

Na shiga na ɗauko kalandar da na zana wa da'ira, na kawo mata har gabanta, ina nuna mata da yatsa kamar yadda nake yi wa masu ciki. Ko kallo ba ta yi ba.

"Wagga takarda ta zuwa aiki ta. Takaba da wata aka ƙirga ta." Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da wani zare da ɗan ƙoƙo. Zaren na da ƙulli huɗu, ƙoƙon na da ƙwallon dabino shida. "Wata yat tsaya, washegari yaron ga yat tahi. Bayan nan na ga huɗu da idona. Yau shida ga na biyat. Na aika an tambayi liman, yac ce hakanan na."

Na tsaya da kalanda a hannu kamar sakarya. Watan sama bai kai na boko tsawo ba, yaron makarantar allo ma ya san wannan. Ni da Anti, masu biro da waya, mun ƙirga sau biyu mun yi kuskure iri ɗaya, kwana huɗu cur. Tsohuwar da ba ta san ko bihim ba tana can tana ƙulla zarenta.

Abu na farko da na ji a cikin wata huɗu shi ne haushi. Ya taso mini daga ciki har kunnuwana suka yi zafi.

"Inna, kina ji muna maganag ga ni da Anti, don mi ba ki hwaɗi ba tun wuri?"

"Kin tambaye ni?" Ta koma ta zauna ta jawo faifanta. "Ni ban son keken ga, ban ɓoye miki ba. Amma ban ƙara miki ko kwana guda bisa abin da Allah yac ce. In kin tahi, ke kit tahi. In kin zamna, kada ki ce takaba ta."

Ban ci tuwo ba ranar. Ta gane ni sarai, shi ya fi ba ni haushi.

Alhamis na yi wanka, aka raba masa sadaka, ƙannena suka zo suka sa mini lalle da kwalli, aka ba ni sabon zane. Ana ta yi mini barka da fita. Na duba madubi na ga mace da kwalli, shi ke nan. Haushin ma ya kwanta, na koma yadda nake.

Bari in faɗa tun yanzu cewa na yi tafiyar. Na kai Illo ina cikin na ƙarshe, cinyoyina kamar ba nawa ba, matan Benin suka tarye mu da guɗa da ruwan sanyi. Amma in na tuna lokacin nan, ba hanyar ke fara zo mini ba, safiyar Juma'ar da ta gabace ta ce.

Anti ta shigo da hantsi, tana zagayen duba kekuna gida-gida, wai ba a fafe gora ranar tafiya. Inna ta riga ta aika mata da labarin zare, ta shigo tana tafa hannu tana cewa boko ya ci amanarmu. Ni ban ce zan je ba, ban ce ba zan je ba. Ta kama kan keken ta fizge shi daga tsakanin bulo, ta ture jak da ƙafa. Tayar baya ta taɓa ƙasa karon farko cikin wata huɗu, ta lotse har ƙarfe. Ta gaba ma da ta fito daga yashi haka take, lakwas.

"Ƙaya ta," na ce. "Ko ɓera."

Anti ta durƙusa ta jujjuya tayoyin, ta shafa, ta kara kunne. "Ba ƙaya ko guda. Iska na yah hita da kainai. Yaushe rabonki da buga mai iska?"

"Ban taɓa ba. Keken ga ba shi sacewa."

"Ba shi mi?"

"Shekara takwas ina hawa, bai taɓa sacewa ba sai in ya taka ƙaya."

Ta fashe da dariya, ta buɗe baki za ta yi mini tsiya, sai ta dubi Inna ta fasa. Inna ta ajiye faifai. Ta bi ta bayan rumbu inda ban cika zuwa ba, ta dawo da famfon keke, dogo, fentinsa ya goge, an naɗe mariƙinsa da tsohuwar roba. Ban taɓa ganinsa ba, a cikin gidana.

"Kullum in yaron ga ya dawo masallaci da asuba," in ji Inna, "ke kina madahi kina dama kunu. Shi taɓa ta gaba, shi taɓa ta baya. In ta yi sanyi shi buga. In na kwana gidan ga ina jin shi."

Anti ta miƙa hannu za ta karɓa. Inna ta ce, "Bar ta," ta ba ni.

Ban san ma inda ake maƙala shi ba, sai da Anti ta nuna mini da baki. Na taka gindinsa, na kama mariƙin. Robar ta lotsa a wurare huɗu, wurin yatsu, kuma sun fi nawa faɗi. Na fara bugawa. Tayar ta soma tashi kaɗan-kaɗan, ni kuma na ci gaba da bugawa don ban san me zan yi ba in na tsaya. Kwallin jiya ya gangaro mini har haɓa. Ba wanda ya ce in yi haƙuri, kuma na gode musu da wannan har yau.

Da hannuna ya gaji na sunkuya na danna tayar da babban yatsa. Ta yi tauri, amma ban san ko taurin da ake so ke nan ba, ban taɓa danna ta ba. Na waiga wajen ƙofar ɗakinsa in tambaye shi ko ta isa.