Ruwan Tokar Majema a Ƙirjina

A kakar shekarar da soja suka karɓi mulki a Yamai, ina saurayi a Madarunfa. Na sauke karatu, ina noman gero da gyaɗa tare da mahaifina, in an yi girbi kuma in shiga filin kokawa. Allah Ya yi mini gashin ƙirji mai kauri. Abokan karawa suka gane, sai su damƙe shi su murɗa, ƴan kallo na ihu wai an kama bunsuru a gemu.

Ana gobe za mu kara da samarin garin Safo, na je wurin wanzamin gidanmu, dattijo ne sa'an mahaifina, na ce ya share mini ƙirjin tas. Ya shafa ƙirjin da hannu, ya ce ba zai sa mini aska yau ba, gobe in shiga rairayi da gumi. Ya ce a rage da almakashi kawai. In kuwa aski nake so, sai da saura kwana uku, a jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, a bi kwanciyar gashin, a shafa man kaɗanya. Ya ƙara da tsokana, wai da na iya kafa ƙafa da babu mai kai hannu ƙirjina. Na tashi da fushi.

A hanya na ratsa ta wurin majema, na ga suna tsamo fatar akuya daga ruwan toka, gashin yana saɓulewa ba wahala. Na faki idonsu na ɗebi ruwan a ƙoƙo. A bayan rumbu na shafe ƙirjina da shi, na zauna ina jira. Da ya fara raɗaɗi na ce aiki yake yi. Kafin la'asar gashi ya tafi, fata ma ta bi shi. Ban yi kokawar ba. Wata guda ina kwance rigingine, ko riga ba na iya sawa.

Abin da bakina ya yi ya fi wannan muni. Da mahaifina ya tambaye ni, na ji kunyar a ce na jeme kaina, sai na ce askar wanzami ce da wani magani da ya shafa mini. An ga shigata rumfarsa, don haka aka yarda. Mahaifina ya daina kiransa, gidaje suka bi. Askin suna da kaciya da ƙaho duk aka koma ɗauko wani wanzami daga garin Gabi. Ranar kasuwa in hango tsohon zaune da zabirarsa babu kowa a tabarmarsa, sai in sauya hanya. Shekara huɗu ina haka, ina salla, ina sane da haƙƙin da ke wuyana.

Shi ya sa nake gaya wa samari, fatar mutum ba ƙirgi ba ce. Duk abin da ke cire gashi cikin gaggawa yana cin nama, ku bi yadda masu sana'ar suka ce. In kuma kun yi wauta, ku haƙura a yi muku dariyar, ta kwana biyu ce. Kada ku ɗora wa wani.

Ranar da na ji wanzamin yana shirin ƙaura wajen Katsina saboda abinci ya gagara, na kasa zama. Bayan sallar Juma'a na tsai da mutane a ƙofar masallaci, na buɗe riga na nuna tabon, na faɗi komai, na durƙusa gaban tsohon na ce, Baba ka yafe mini. Ya dubi tabon. Ya ce tun ranar da aka kwatanta masa ciwon ya gane, aska yanka take yi, ba ƙuna ba, kuma shi bai shafa mini magani ba, amma da ya faɗa wa zai yarda? Bai yi ƙaurar ba. Ya ce ya yafe duniya da lahira, sai dai in sani ko akuya sai an yanka ta ake jeme ta. Aka kwashe da dariya, na ce na ji, Baba.