Na Tsaya Sau Tara a Hanyar Bayan Narayi

Bari in fara da gargaɗi. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, ranar da ni da malamin lissafi muka gane cewa zamanmu ba zai yiwu ba, muka rabu ba wanda ya yi kuka. Saboda haka duk wanda ya ga waƙafi ya zauna inda ba wurinsa ba a wannan rubutu, ya ɗauke shi da hannunsa ya gyara masa zama. Na ɗauki biro ne domin an yanke mini hukunci daga Abuja, ta waya, kuma ban yarda da shi ba, ina so ya zauna a rubuce cewa ban yarda ba.

Hukuncin shi ne in daina fita tattakin da nake yi ranar Asabar. Bara hawan jini ya kwantar da ni wata uku, ya taɓa mini ƙafar hagu. Tun da na tashi, in ka cire masallacin ƙofar gida, wannan tattaki shi kaɗai ne wurin da nake zuwa da ƙafata. Alƙalin da ya yanke hukuncin kuwa ɗana ne na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, sai dai in ce Injiniya. To ni ma ina da lauya. Ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta, amma har yanzu ban ga wanda ya kayar da ita a magana ba. Kakata ce, Iya Dije.

A nan Makera muka tashi, lokacin da bayan gidanmu gonar rogo ce. Babanmu yana aiki a masaƙa a Kakuri. In an ci tuwo an yi sallar isha'i, Iya ba ta bari a kashe wutar murhu. Ta jawo 'yar kujerarta, ta tura sabuwar masara cikin garwashi, mu kuma jikokinta mu kewaye ta, kowa yana gadin tasa masarar da ido. Daga nesa a ji jiniyar masaƙa tana kiran masu canjin aiki. Haƙoranta sun ƙare, sai ta goga goro a magogi ta zuba a baki, kuma ba ta fara magana sai ta gama da shi, ko da za mu mutu da jira. Ni take tsokana fiye da kowa. Maigida take ce mini, mijin da bai taɓa kawo cefane ba.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo, mun ba ta wuri."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta man shanu. Wai akwai wani gari a gindin wani ƙaton dutse. A bayan dutsen akwai wata tsohuwa da ba ta da lafiya, mai magani ya ce ba abin da zai tashe ta sai ɗanyen man shanu, curi guda, wanda bai narke ba. 'Yar'uwarta da ke cikin gari ta kaɗa nono, ta cure mai biyu, ta sa kowanne a ƙoƙo. Ta ba jikanta Jatau ɗaya, ƙaton saurayi mai ƙirji kamar ƙofa. Ta ba jikarta Kande ɗaya, wadda take ɗingishi tun haihuwa.

Hanya biyu ce. Ɗaya ta haura ta kan dutse, gajera ce, ba itace ko ɗaya, kuma duk gari yana hangen wanda ya hau. Ɗaya ta zagaya ta bakin rafi, a shimfiɗe, cikin inuwa, ita ce ake kira hanyar tsofaffi da masu ciki da awaki. Jatau ya ɗora ƙoƙo a ka ya haye dutse da tsakar rana. Da ya kai ƙololuwa har ya tsaya yana ɗaga wa 'yan mata hannu. Mai ya narke, ya bi ta kunne, ya gangara wuya, ƙudaje suka yi masa rakiya. Ya isa da wuri ƙwarai, fuska tana ƙyalli, ƙoƙo ba komai.

Kande ta bi ta ƙasa. Ta tarar da wata mata tana wanki, ta durƙusa ta gaishe ta. A nan Iya takan ja gaisuwar da gangan, ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya ruwa, yaya wanda ya yi tari shekaranjiya, har mu fara mutsu-mutsu. Kafin a gama, matar ta tsinko ganye ta jiƙa a rafi ta rufe mata ƙoƙon. Gaba kaɗan ganyen ya bushe, sai ga mai kamun kifi. Ta durƙusa, shi ma ya jiƙa wani ya canza mata. Haka har bayan dutse. Ta isa da la'asar sakaliya, mai yana nan a dunƙule, tsohuwa ta samu lafiya.

"To me aka ba ta?" ni ne mai wannan tambaya kullum.

"An ce mata sannu."

"Shi ke nan? Ai Jatau ya riga ta."

"Ya riga ta, maigida. Ya riga ta kai ƙoƙo. Aike aka yi masa ko tsere?"

Na ce ni dai in ni ne ta dutse zan bi, sai dai in ƙara gudu. Ta dube ni ta cikin hayaƙi, ta juya masarata da ta fara ƙonewa, ta ce, "Kai da kanka man shanu ne. Rana ce ba ta taɓa ka ba tukuna." Sannan ta rufe kamar yadda ta saba: "Baƙuwa ta kaɗe zaninta ta tafi, wanda ya bi ta ya kwana a waje."

Ban ji maganarta ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na ji ba. Na shiga masaƙar nan da gemuna bai fito ba, na yi shekara talatin a gaban injin saƙa. In an ce wa zai ƙara awa, hannuna ne a sama. Dila nakan ɗauka a kafaɗa don kawai a ce Sule ne ya ɗauka. Masaƙa ta rufe, na koma dakon kaya a kasuwa da furfurata. Duk inda dutse yake da tsakar rana, to ina kansa ina ɗaga hannu. Har ranar da na tashi zan yi alwala ƙafa ta ce ba ta san zancen ba.

Wadda ta fito da ni daga ɗaki Sista Rahila ce, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Narayi, ita ce ta riƙa motsa mini ƙafar a asibiti. Ta ce suna da ƙungiya, ranar Asabar suna zuwa hayikin. Na ce mene ne haka? Ta ce tafiya a ƙasa cikin daji. Na ce ikon Allah, abin da muka yi duk ƙuruciyarmu don ba mota, yau an raɗa masa suna har an saya masa takalmi. Ta yi dariya ta ce kashi biyu ne. Masu ƙarfi suna fita bayan gari su hau duwatsu su ɗauki hoto. Masu koyo kuma akwai hanyarsu a bayan Narayi.

"Baba, ba hawa ba gangara. Ko mai ciki tana bi."

Da na ji haka na san wace hanya ce.

Hanyar tana bin gefen wani rafi da ke gangarawa kogi. Daga farko mangwarori ne manya, sun haɗe kai ta sama, sai ka shiga jerin itatuwan malaina inda busasshen ganye ke ƙara a ƙarƙashin ƙafa, sai gora a bakin ruwa, sai lambuna. Rana ba ta samunka sai ɗiɗɗige-ɗiɗɗige. Matasa suna zuwa su dawo cikin awa ɗaya. Injiniya ya amince in je, da sharaɗin in ɗaura wani agogo da ya aiko, wanda yake kai masa rahotona a wayarsa, inda na bi da inda na tsaya. Na ɗaura. Ban san ɗan leƙen asiri na ɗaura ba.

Asabar ta huɗu da yamma sai ga waya.

"Baba, agogo ya nuna ka tsaya sau tara. Ɗaya ma minti ashirin. Hanyar awa ɗaya ka yi awa biyu da rabi."

"Ya iya lissafi, ba kamar ni ba."

"Ba wasa nake ba, Baba. Numfashi ne yake ɗauke maka kana ɓoye mana. Wannan fita ta ƙare, don Allah."

"Gaisawa nake yi."

Ya yi irin dariyar da ake yi wa yaro in ya ce ba shi ya sha zuma ba. "Baba, da wa ake gaisawa a daji?"

Kafin gari ya waye ya kira mahaifiyarsa, Hajiya ta ɓoye takalman da nake tattakin da su. Na tambaye ta, ta ce ita ba ta ga komai ba, tana kallon rufi. Na kira shi na ce, "Saurara. Ka zo ka bi hanyar nan da ni sau ɗaya. In mun dawo ka ce in daina, na daina. In ba ka zo ba, da silifas ɗin alwala zan tafi, kuma agogonka a wuyan akuyar maƙwabta zan ɗaura shi, ka yi ta karanta rahotonta."

Ranar Juma'a ya sauka daga jirgin ƙasa.

Da safe muka hau Keke zuwa Narayi, shi cikin sababbin kayan motsa jiki, ni da silifas, domin Hajiya ta ce ba a ba ta umarnin sakin takalman ba. Sista Rahila ta dubi ƙafata, ta dube shi. Ƙungiya ta yi gaba, mu muna baya.

Ba mu yi nisa ba sai ga Mama Saratu a lambunta na alayyafo. Ta miƙe tana share hannu a zani. "Baba Sule, yau ina takalmin? Wannan kuma wa ka samo mana?" Na ce ɗana ne. To tarbiyya dai ba ta bar shi ba, ya durƙusa. Ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi aiki, ta tambayi matarsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya har da wanda yake goye. Yana tsugune. Da ta gama da shi ta juyo ta ce in taka ta gani. Na taka. Ta ce, "Yau ba ka ja ta kamar wancan satin ba." Injiniya ya dube ni.

Na biyu Malam Idi ne mai fatsa. Akwai wani ɗan kwazazzabo da nakan sha wahalar tsallakawa, sai muka tarar ya shimfiɗa katako biyu a kai ya danne da duwatsu. Ya ce, "Na ga yadda ka yi da shi rannan, Alhaji, ban ji daɗi ba." Na uku wasu mata ne masu ɗiban itace. Na huɗu mai kiwon agwagi. A na biyar na ji gwiwar Injiniya ta yi ƙara da zai tashi. Na tambaye shi ko numfashi ne yake ɗauke masa yana ɓoye mana.

Tsayuwar minti ashirin kuwa a gindin wani mangwaro take, gefen kunyoyin doya. Mai gonar Bitrus ne. Injinsa yana kusa da nawa a masaƙa shekara goma sha wani abu, kwano ɗaya muke ci. Da gari ya rikice kowa ya koma inda nasa suke, ya bar Makera, muka ɓace wa juna, alhali tsakaninmu bai fi tafiyar Keke ba. A Asabar ta farko na gan shi sunkuye da fartanya, na gane shi ta ƙeya. Tun ranar yake ajiye mini kututture da ruwan tsamiya a gora.

Ya ƙare wa Injiniya kallo ya ce, "Sule, kar dai wannan ne ya yi mini fitsari a wuya ranar da na ɗora shi ya kalli ƙwallo?"

Na ce shi ne, yanzu daga Abuja yake yi.

Injiniya ya durƙusa, wannan karon ya daɗe bai tashi ba. Bitrus ya dafa kansa ya ce, "Babanka ya rame da ya fara zuwa. Yanzu dube shi. In Asabar ta yi ban gan shi ba, sai in je har Makera in ji dalili."

A ƙarshen hanya akwai wata ɗorawa inda Sista Rahila take auna jinin tsofaffi kafin a watse. Ta auna nawa ta ce lafiya lau. Na ce ta taimaka ta auna na baƙonmu. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce masa ya same ta gefe su yi magana. Ba zan faɗi abin da ta gani ba, sirrin mara lafiya ne.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Iya ta masu rauni ce, an ƙirƙira ta don a lallashi wanda ba zai iya hawa dutse ba. Da na kwanta ciwo na ce to, nufinta a bi a hankali. Sai a hanyar nan na ga ban gama fahimta ba. Inuwa kaɗai ba ta isar da man Kande ba, ganyen ai bushewa yake yi. Hannun mutane ne yake sake jiƙa shi, kuma ba mai jiƙa maka ganye in ka wuce shi kamar ka wuce kututture. Agogon ya ƙirga tsayuwata daidai, ban ce ya yi ƙarya ba. Abin da bai sani ba shi ne wa na tarar a wurin. Kuma ba na jin kunyar a ce hanyar masu koyo nake bi. Na haura saba'in, yanzu nake koyon tafiya, wanda ya ga abin dariya ya zo ya durƙusa sau tara ya tashi, sannan mu yi magana.

A Keke muna dawowa na jira ya faɗi hukuncinsa, tunda na yi alkawari. Har muka wuce Kakuri gwiwa kawai yake ta murzawa. Ranar Lahadi da zai koma ya shiga ɗakin mahaifiyarsa suka yi ƙus-ƙus. Ya fito ya durƙusa ya yi mini sallama, ya ce, "Baba, agogon dai a riƙa ɗaurawa." Na ce zan ɗaura, amma ba zan ba shi haƙuri ba in ya ga na tsaya.

Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba, ɗan fari ne. Da na fito sallar la'asar na tarar da takalmana a bakin ƙofa, an wanke su, an zura musu sabuwar igiya.