Warƙar da Funfuna Ta Ci

Har gobe in na shiga ɗakin da ya kwana biyu a rufe da damina, warin nan na danshi sai ya mayar da ni zauren kakana, a ƙauyenmu da ke bayan Tsiga.

Littattafansa ba su da ɗinki. Warƙoƙi ne sake-sake, rubutun hannun mahaifinsa, a cikin gafakar fata da ke rataye a jikin azara, inda iska ke ratsa su. Wata shekara baffana da ke aikin auduga a Funtua ya ce wannan ajiyar ƙauyanci ce. Ya zo da akwatin ƙarfe, ya naɗe kowane littafi cikin leda, ya tura ƙarƙashin gado. Mu duka muka yaba, har da ni sarkin zaƙewa.

Aka yi marka ta kwana da kwanaki. Ranar da aka buɗe akwatin, wayyo! Ledar ta yi gumi, funfuna ta yi kore shar. Kaka ya shafa littafin mahaifinsa. Tsoro ya kama ni.

Baffana zai kwasa ya baza a rana kamar barkono, kakata ta daka masa tsawa: "Kai, a inuwa! So kake takardar ta karye?"

Gidan nan kaf muka zauna a rumfa. Kowa da gashin kaza yana share warƙa, ana danne ta da ɗan dutse. Ana yi ana yi wa baffana tsiya, shi ma yana dariyar kansa. Kwana uku muka yi, duka suka tsira, sai warƙa ɗaya da ta narke kamar tuwon jiya.

Idon Kaka ya riga ya yi rauni. Ya kira ni: "Amarya, ɗauko tawada. Abin da ke jikin warƙar nan yana kaina."

Shekarata tara. Yana faɗa ina rubutawa, layi na hawa yana gangara, tawada har haɓata. Da na karanta masa ya ji daidai, ya yi dariya har da hawaye. Daɗin da na ji ranar, wallahi ban san da me zan kwatanta shi ba.

Yanzu littattafan suna wurina a Malumfashi, a kan kanta kusa da taga. Kwanan baya 'yata tana ɗaukar su hoto da waya, wai ko ruwa ya ci takarda ba a yi asara ba. Ta iso tsakiyar wani littafi, ta tsaya.

"Umma, wa ya yi wannan jagwalgwalon a cikin rubutu mai kyau haka? In tsallake?"

Na ce, "Ke dai ɗauka. Uwarki ce."