Kwabon Girka Mai Huji

Kawuna yana da wani gwangwanin biskit da ba ya yarda kowa ya taɓa. Shekara da shekaru yana tura keken tsofaffi a Mina lokacin aikin hajji, kuma duk alhajin da ya tura sai ya roƙe shi kwabon ƙasarsu, ko da wanda ba ya sayen komai ne. Da haka ya tara na Turkiyya, na Indunusiya, na Sanagal, har da na ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Da na zo Makka karatu na sauka a ɗakinsa a Ka'akiyya, sai na tarar gwangwanin nan ya fi ni gata a gidan.

A shekarata ta uku idonsa ya fara tafiya. A gabana likita ya ce na dama ya riga ya mutu, na hagun ma yana kan hanya, kuma ba yana ba ce balle a cire. Muka fito muka shiga mota. Can Kawu ya ce abu ɗaya yake so ya gani kafin duhu ya rufe: kuɗin mutanen Girka na da can, waɗanda wani alhaji ya taɓa gaya masa sun girmi dirhamin da muke karantawa a littattafan fiƙihu. Irin wannan ba alhajin da zai zo da shi a aljihu, sai dai a saya.

Bayan la'asar muka je Hindawiyya, shagon wani tsohon Bayamale mai sayar da zobba da carbi da tsofaffin kuɗi. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle ya jera mana guda uku. Ya ce, "Yunani ne, na Girka, ya hajj, amma kowanne da aibinsa." Ko na gaske ne, Allah kaɗai Ya sani, amma wannan maganar ta sa na ɗan yarda da shi.

Na farko hoton mujiya ne da shi, da wani sara a tsakiyar kanta. Mai shago ya ce mutanen da ne suke sarawa don su tabbatar azurfa ce har ciki. Kawu ya kai shi daf da idon hagu, ya yi maza ya ajiye. "Mujiya? A ɗakina? A'uzu billahi. Ɗauke abinka."

Na biyu fuskar wani mutum ce raɗau, ido da hanci da gashi duk sun fito, sai dai bugun ya karkace, ƙeyar ta faɗa waje. Na uku kuwa ya suɗe, da ƙyar ake gane doki a jikinsa, ga huji a gefe. Mai shagon da kansa ya ce huji ya fi kowane aibi muni, masu tara irin waɗannan gudunsa suke yi.

Ni a wurina magana ta ƙare. Na tura masa na biyu na ce, "Kawu, don ka gani muka zo. Wancan ko ni mai ido biyu sai na ƙura."

Bai kula ni ba. Yana ta murza mai hujin tsakanin yatsunsa. Can ya ce, "Malam, ka gama wa'azin?" Haka yake kirana in zai yi mini shaƙiyanci. "Kai ba ka riski kwabo mai huji ba. Kakarka a zare take jera su ta ɗaura a ƙugu. Wannan ma wata ce ta huda shi don kada ya ɓace mata. Kalas, shi ke nan, shi nake so."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Gani nake taurin kan tsufa ne kawai, mutum saura ƙiris ya daina gani, ya bar fuska tangaran ya ɗauki abin da ba a ganin komai a jikinsa. Da muka fito na yi gaba abina ban riƙe masa hannu ba, sai da na ji ya yi tuntuɓe da bakin titi. Har yau ina jin kunyar wannan.

Ba a yi wata biyar ba idon hagun ya rufe. Wata safiya na dawo daga darasi na same shi ya juye gwangwanin a kan darduma yana lalube. Ya ɗago ɗaya ya ce, "Na ina ne?" Na ce na Turkiyya. Ya ɗago wani, na ce na Sanagal. Mutumin da ya san labarin kowane kwabo da alhajin da ya ba shi, yau duk sun zame masa iri ɗaya. Tausayinsa ya kama ni.

Sai ya tura yatsu cikin tarin, ya birkita sau biyu, ya zaro mai hujin. Ya ce, "Wannan dai ba sai na tambaye ka ba."

A nan na gane cewa ni na 'yan watanni nake zaɓar masa, shi kuwa tun a shagon ya san inda ya dosa. Ya ce in samo masa zare mai ƙwari. Na samo, na durƙusa gabansa ina ƙoƙarin zurawa a hujin, na kasa har sau uku saboda hawaye. Ya miƙo hannu ya ce, "Kawo, Malam. Kai da ido kake nema."