Mai Lafiya Ba Ya Jin Hanya

Duk wanda ya san marigayi Lawali Danna a garin nan na Matameye ya san ba ya wuce abin hawa a tsaye bai taɓa shi ba. Mota ce, babur ne, ko amalanken shanu, sai ya zagaya ta baya ya ɗora hannu biyu ya danna da ƙarfinsa, ya saki, ya karkata kai yana saurare. Sai ya gama wannan yake yi wa mai abin sallama. Ranar wani ɗaurin aure a unguwarmu wani Alhaji ya zo daga Damagaram da sabuwar mota, ana kewaya ta ana sa albarka, Lawali ya ratsa mutane ya danna ta.

Ya ce, "Alhaji, Allah ya sa alheri, amma ƙafarta ta hagu tana ciwon gwiwa."

Alhaji ya ce, "Jiya fa na sayo ta."

"To, jiya ya kama ta ke nan."

Ni ƙanin matarsa ne, Yaya Mariyama, don haka na fi kowa shan wahalarsa, na kuma fi kowa ikon ba da labarinsa. Da yawanku kun ga shekarun da ya yi kwance a ƙarƙashin babur, kun ce ya taɓu. Ga abin da ya kwantar da shi.

Yaya ta zame a bakin rijiya, ƙashin bayanta ya taɓu. Likitocin Damagaram suka yi iya nasu, suka sallamo ta da gargaɗi cewa kada a kuskura a jijjiga ta, in ba haka ba ƙafafun na iya tafiya gaba ɗaya. Innarmu kuwa tana ƙauyenmu can bayan Tsauni, tsufa ya ci idonta, ko tsakar gida ba ta iya fita. Mota ba ta kai wa garin, daga gargada sai rairayi, sai ƴar siririyar hanya tsakanin lambunan rake. Muka riƙa haɗa su a waya. Wata rana Inna ta ture wayar ta ce, "Wannan murya ce. Ni ɗiyata nake so in shafa kafin in tafi."

Lawali yana da dogon baro, babur ɗin nan mai ƙafa uku da bodi a baya, da shi yake ɗauko rake daga fadama zuwa kasuwa. Ya ce a ciki zai kai ta. Na yi dariya har na ƙware, don duk wanda ya taɓa hawa dogon baro babu kaya ya san yana sauka sai ya laluba haƙoransa ya ji ko suna nan. Na ce, "Lawali, ai don buhuna aka ƙera shi, ba don mutum ba." Ya ce, "Na sani. Tafiyar amarya zan koya masa."

Ya fara da lam, ƙarafan nan masu lanƙwasa da ake jerawa a ƙarƙashin bodi su ɗauki nauyi. Ya ce sun yi tauri, ya zare wasu ya bar wasu, ya goge tsatsarsu ya shafe su da mai. Sai amotisar, abin da ke shanye tsalle, wanda mutanen Kano ke ce wa shokozoba. Sabo dai ba zai saya ba ko an ɗora masa wuƙa. Cewa yake, "Sabon ƙarfe bai san hanya ba." Wata tsohuwar mota fijo ya samu a bayan tasha, kaji na kwana a ciki, ya yi ta zarya wurin mai ita har mutumin ya gaji ya ce ya kwance abin da yake so ya ba shi lafiya.

Babur ya yi laushi kam. Ranar da aka loda masa rake sai ya zauna da cikinsa a ƙasa kamar tsohon raƙumi, aka yi juyin duniya ya ƙi tashi. Masu rake suka koma wa wasu, kakar rake ta wuce Lawali bai ɗauki ko kara ba, gidansa ya koma tuwo da miyar kuka tsura. Wani mai rake ya ce, "Lawali, ka lalata abin neman abincinka." Ya ce, "Ban lalata ba, sana'a na sauya masa."

Laushin ya zo da nasa sharri, don da an sha kwana sai babur ya karkata. Da yake Allah ya hore mini jiki, ni aka zaɓa in zama kayan gwaji. Ya kwantar da ni a bodi, muka kama hanyar Ɗan Barto, a wata kwana na ga sama ta koma ƙasa, sai ga ni cikin gonar rogo, bakina cike da ƙasa. Ya sheƙo da gudu, na ce a raina ashe dai yana ƙaunata. Ya tsuguna a kaina yana haki.

"Mutari, kafin ka tashi sama, wace ƙafa ka fara jin ta ɗaga?"

Na ce, "Tawa."

Bai yi ko murmushi ba. Washegari ya sa mai walda ya ɗaura sandan ƙarfe tsakanin ƙafafun baya, ya shimfiɗa buhunan yashi a ƙasan bodi don nauyi ya zauna ƙasa, ya rage wa tayoyi iska. Muka koma kwanar nan, babur ya bi ta lafiya lau. Na ce to ai an gama. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai shaidarka ba ta karɓuwa. Mai lafiya ba ya jin hanya."

Daga nan ya shiga farautar marasa lafiya. Mai maruru a mazaunai, mai ciwon ƙugu, wanda aka yi wa ɗori, duk zai kai shi asibiti kyauta, da sharaɗin duk inda ya ji zafi ya yi ihu. Ana ihu sai ya tsaya, ya sauka ya duba ramin, ya leƙa ƙarƙashin babur, ya gyaɗa kai, a ci gaba. Har ta kai in aka gan shi ya nufo majalisa, masu ɗingishi kan miƙe su taka daidai.

Wata ranar kasuwa ya samu wani saurayi Bafulatani da saniya ta karya wa ƙafa, wani dattijo na rakiyarsa. Muka ɗauko su daga rugarsu, hanya mafi muni a yankin. Tun daga can har ƙofar asibiti saurayin nan bai ce uffan ba. Lawali ya sauka yana rawar jiki, yana cewa aiki ya kammala. Muka zagaya baya, sai ga yaro ya jiƙe sharkaf da gumi, ya ciji leɓensa har jini.

Lawali ya ce, "Ɗan Fulani, ba ka ji zafi ba?"

"Na ji."

"To me ya hana ka ihu? Ai da sharaɗi muka taho."

Saurayin ya saci kallon dattijon, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Surukina ne."

Ni na yi dariya, Lawali kuwa ya zauna a ƙasa ya dafe kai. A hanyar komawa ya ce mini, "Ka san yayarka ma haka take. Haihuwar fari ko tari ba a ji ta yi ba. In na karya ta, ba za ta faɗa ba." Ranar na fara jin tsoron tafiyar da gaske. Ya sake kwance komai, ya rataya gadon kwanciyar da tsofaffin tiyub na taya a kusurwa huɗu don kada ya taɓa bodi, ya kuma bi hanyar ƙauyenmu da ƙafa, da fartanya a kafaɗa, yana cike ramukan da suka fi ƙarfinsa. Mutanen hanya suka ɗauka gwamnati ce ta turo shi, har ana ba shi fura.

Sai saƙo ya zo cewa Inna ta daina cin abinci. Da safe muka ɗauki Yaya da katifarta muka ɗora, na zauna kusa da kanta. Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Kowane tudu sai ya hau shi a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, rairayi kuwa ya bi ta gefensa ba ya taɓa birki. Ina ganin ramuka suna wucewa ƙarƙashinmu, gado yana lilo kaɗan kawai.

Muna wuce Tsauni ya tsaya, bai waiwayo ba. Ya ce, "Mutari, shirun nan ya yi yawa. Duba mini leɓenta."

Na leƙa. Matar da ciwo ya daɗe da hana ta runtsawa ta saki baki tana barci, har da ɗan minshari. Na faɗa masa. Sai ya ce, "To rufe mini baki kada ka tashe ta," alhali shi ne mai maganar.

Muka shigar da ita har ɗakin Inna, muka kwantar da su gefe da gefe. Inna ta miƙa hannu ta bi goshinta, ta bi kumatunta, ta kama kunnenta ta riƙe, ta ce, "Kin rame." Can ta ce, "Wa ya kawo ki?" Yaya ta ce, "Shi." Inna ta ce a kira mata shi. Na fita na tarar ya shige ƙarƙashin babur, wai wata ƙusa ce ta kwance. Na ce surukarsa na kira, ya ce ba zai iya haɗa ido da ita ba. Na ce ai ba ta gani. Ya ce, "Ni ina gani." Babu sifana a hannunsa, kuka yake yi, na bar shi na koma ciki.

Yaya ta zauna wurin Inna har tsohuwar ta rasu aka yi mata sutura, sannan Lawali ya je ya dawo da ita da ƙafafunta suna motsi. Yau da sanda take zagaya tsakar gida, shi kuwa zazzaɓin kwana kaɗan ya ɗauke shi bara da damina. Ni dai ban taɓa yi masa godiya a fili ba, tsakaninmu sai tsiya, kuma ya san da haka.

Allah ya jiƙan Lawali, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya lallaɓa baiwar Allah nan har gaban uwarta, Allah ya lallaɓa shi ya haye da shi siraɗi ba tare da ya ji ko girgiza ba. Amin.